Ranar da Landon Ya Rubuta Hutu

"Sau uku ke nan, Landon. Sau uku Baba yana zaune da faranti a gabansa, kujerarka ba kowa."

"Kirana aka yi, Lari."

"Kullum kiranka aka yi. To ni ma kira nake. Ko nawa ba ya shiga?"

Suna tsaye a ƙofar baya ta asibitin dabbobin da Larisa take aiki, a garin Melville. Idanunsa sun yi ja saboda rashin barci.

Watansa bakwai da zama kwandastan jirgin ƙasa na kaya. Sunansa ne na ƙarshe a jeri, ba shi da tsayayyar ranar aiki. Waya za ta yi ƙara, a ba shi awa biyu ya isa tasha. Doka ta yarda duk wanda ya dawo daga tafiya ya rubuta hutu, ba mai kiransa har kwana guda. Shi bai taɓa rubutawa ba. Tsoro yake kada a ce sabon yaron rago ne.

A wannan ƙofar suka fara haɗuwa, ranar da ya kawo wata mage cikin hularsa, ya tsinto ta a gefen layin dogo. Larisa ta dubi magen, ta dube shi.

"Wanne ne mara lafiyar? Ai ka fi ta jigata."

Tun ranar bai rasa dalilin zuwa ba.

Yanzu kuwa muryarta ta yi sanyi.

"Baba ya ce idan ran Lahadi kujerar nan ta sake zama haka, kar in ƙara kawo masa sunanka. Ga Kelvin mai kantin magani, ƙarfe biyar ya kulle, sai kawo wa Mama furanni yake."

"Kina son sa?"

"Da ina son sa zan tsaya nan ina faɗa da kai? Wawa kawai."

Ran Lahadi da hantsi ya sauka daga jirgi. Ya daɗe a gaban na'urar ofis kafin ya danna, ya rubuta hutu. Tsohon direban da suka dawo tare ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, ashe kai ma mutum ne! Na ɗauka da batir kake aiki."

Ya tura mata saƙo: "Lari tawa, na rubuta. Awa ashirin da huɗu, duka naki. Ki ce Mama ta ƙara perogi, ƙullin fulawar nan nata mai dankali a ciki."

Amsa ta zo nan take: "Fara ba barci awa shida daga ciki, Kwandastana. Ba na son ka zo kana gyangyaɗi cikin miya. Ina jiranka."

Ya yi barcin. Ƙarfe biyar ya zauna a kujerar.

Orest, mahaifinta, bai ɗago ba sai da aka zuba abinci.

"Shekara talatin na yi ina aiki a layin dogon nan. Ranar da aka haifi yarinyar nan ina can cikin daji da taragon alkama. Ba kai nake ƙi ba, yaro. Kaina nake gani."

Landon ya fito da wayarsa, ya kashe, ya kife ta kusa da gishiri.

"Ba zan bar aikin ba, Baba, ina son sa. Amma zan koyi dawowa gida."

Tsohon ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya tura masa kwanon.

"Ci. Ka rame."

Larisa ta sunkuyar da kai tana goge ido da bayan hannu.

A watan Yuli aka ɗaura auren. A zauren coci iyayenta suka ɗaga burodin biki a kan kawunan ango da amarya, kamar yadda al'adarsu take. Orest ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya sa kullum ku ci abinci tare."

Ana cewa amin sai wata waya ta fara ƙara, daga wajen kwat ɗin da ango ya rataye a kujera. Rabin zauren ma'aikatan jirgi ne, kowa ya dafe aljihunsa. Landon bai juya ba. Ya ƙara riƙe hannun Larisa, ita kuma tana danne dariya.

Orest ya dubi jama'a, ya dubi surukinsa.

"Wai wayar wa ce take ta ƙara haka?"