Auta da Tunkun Bayan Gida

Auta ta faɗa a aji cewa akwai tunku a bayan gidansu, ƙarƙashin tarin bulo. Aji duka ya fashe da dariya.

"Ƙarya ne! Ɓera kika gani," in ji wani yaro.

Ran Auta ya ɓaci. Ta miƙe tsaye ta ce, "Ni ba maƙaryaciya ba ce. Sai na kawo muku hotonsa!"

Kawunta mai ɗaukar hoto ne. Ya ara mata tsohuwar kyamara, ya ce, "Tunku ba ya son hayaniya. Ki zauna shiru ki jira shi."

To, Auta da zama shiru ba sa ga maciji. Ta ɗan jira kaɗan, ta gaji. Sai ta ɗebo bokitin ruwa ta kwarara a ramin tunkun.

Wuf! Tunku ya fito ta wata ƙofa ya tsere. Hoton da ta samu, bakin wutsiya ne kawai, shi ma dishi-dishi.

Washegari yara suka yi ta tsokanarta. "Wannan ai tsintsiya ce!"

Malama ta ce, "Auta, ki ɗauko hoton kyanwa mana, ta fi sauƙi."

"A'a, Malama. Tunku na ce, kuma tunku zan kawo."

Da Kawu ya ji labarin bokitin, bai yi dariya ba.

"Da wani zai cika ɗakinki da ruwa, za ki tsaya ya ɗauke ki hoto?"

Auta ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta sosai.

"Kawo kyamarar," in ji Kawu. "Ke ba za ki iya zama wuri ɗaya ba."

Ta rungume ta gam. "Zan iya, Kawu! Za ka gani."

Kullum da sassafe sai ta zauna a bayan tsohuwar ganga. Ramin ya bushe, amma babu tunku. Yayanta yana wucewa yana cewa, "Sannu da gadi!" Ko kallonsa ba ta yi.

Wata safiya tururuwa ta hau ƙafarta. Auta ta cije leɓe, ta ƙi motsi. Can sai ga ɗan hanci ya leƙo daga ramin. Tunku ya fito a hankali. Bayansa kuma ga 'ya'ya biyu ƙanana!

Ashe har da jarirai ta jiƙa! Ta danna kyamara a hankali, ta ce a ranta, "Ku yafe mini."

Malama ta manna hoton a bangon aji. Yaron nan da ya ƙaryata ta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gaskiyarki, Auta."

"Yaya kika yi?" in ji Malama.

"Da na yi gaggawa, wutsiya na samu," in ji Auta. "Da na yi haƙuri, sai ga su har uku."