Wa Ya Shanye Furar Kaka?

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata yarinya mai son nuna sani. A makaranta aka koya mata cewa idan mutum ya tsorata, zuciyarsa takan buga da sauri, har a ji a wuyan hannunsa.

Ran nan aka shanye furar Kaka. Yarinya ta yi farat ta ce, "Kaka, bar ni da 'yan gidan nan, yanzu zan kamo ɓarawon!"

Ta taɓa hannun yayanta, lafiya lau. Ta taɓa na ƙanenta, lafiya lau.

Kaka ta ce, "'Yar nan, ni ma koya mini." Ta riƙe wuyan hannun yarinya, sannan ta ce, "Ikon Allah! Wa ke kiɗan kalangu a nan?"

Yarinya ta yi sauri ta goge baki.