Rakiyar Baƙon Jumare

Ana dab da magariba, Safiyatu tana kwashe tuwo a tsakar gidansu na Ƙofar Gayan. Mijinta Jumare yana kan tabarma, yana ba 'yarsu Uwa labarin da ba ya gajiya da shi: zamanin da ba shi da shago ba shi da ubangida, keken ɗinki a ka, yau kasuwar Giwa gobe ta Soba, duk inda rana ta faɗi nan ne ɗakinsa.

Sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Wani ya biyo baya ya daki kwanon rufi. Suka leƙa lungu, ko akuya babu.

Haka aka dinga yi kullum da faɗuwar rana. Daga baya aka fara jin sallama a zaure, muryar tsoho, in an fita a tarar wayam. Safiyatu ba mai yawan magana ba ce, sai dai ta rungume Uwa tana tofa mata ɗan abin da ta iya. Ranar da yarinyar ta daina cin abinci, ta harɗe ƙafafu kamar dattijo ta zuba wa ƙofa ido, aka ɗauko Malam Aƙilu daga Gyallesu.

Malam ya yi ta karatu har gumi ya jiƙe masa riga. Can Uwa ta buɗe baki, sai ga muryar nan ta zaure.

"Tela, haka ake yi wa baƙo?"

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Tambaye shi wanda ya ba shi masauki a gindin tsamiya, daminar da ruwa ya tsare shi a hanyar Maƙarfi. Da zai tafi ya ce in na shigo birni in sauka gidansa. To, na shigo."

Jumare ya dafe kai. "Wallahi Malam, na zaci mutum ne. Duk wanda ya sauke ni haka nake ce masa."

"Ni kuwa na riƙe maganar. A ba ni ɗaki."

"Jinsinku da namu ba sa zama gida ɗaya," in ji Malam. "Ka ji tsoron Allah ka saki yarinya."

Sai muryar ta ce:

"To, a yi mini rakiya. Baƙo ba ya fita shi kaɗai."

"Har ina?" Safiyatu ce ta tambaya daga bayan mayafi.

"Har inda hira ta ƙare, 'yar nan."

Ta dubi Malam, Malam ya sunkuyar da kai. Jumare ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya shiga ɗaki ya fito da tsohon kekensa a ka. Yana tsallake bakin zaure Uwa ta yi atishawa, ta ce, "Iya, yunwa nake ji."

Jifa ya tsaya tun daga ranar. Direbobin motocin kasuwa sukan kawo wa Safiyatu labari: sun gan shi wajen Giwa, sun gan shi bayan Soba, yana tafe a gefen titi, ya bar wa wani da ba a gani fili a damansa, yana ta hira.