Zoben da Ba Ya Shiga Ɗakin Laser

"Ɗauke hannunka daga teburin nan."

Maganar farko ke nan da Imogen Tapsell ta yi wa Fergus Maddern, kuma ba da fara'a ba. Gyaran na'urar sanyaya ɗakin bincikenta ya kawo shi jami'a a Canberra, sai ya dafa teburin da ta yi sati uku tana saita madubansa don hasken laser ya riƙa fitowa ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Ya ba da haƙuri. Washegari ya dawo da kofi ya ƙara ba da haƙuri. Wata shida yana ba da haƙurin nan, ni dai ban ga ta hana shi ba, har magana ta kai ga aure.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa Noelene, mai kiwon tumaki a garin Yass.

"Yarinyar da Jamus ke zawarcinta da aiki? Ferg, za ta tattara ta bar ka riƙe da sifana."

Duk da haka ta miƙa masa zoben kakarsa don ya sanya wa Imogen, fuska a ɗaure.

To, doka ce a ɗakin laser: ba a shiga da zobe ko agogo ko wani abu mai ƙyalli. Kowa na ajiye nasa a ɗan kwano a bakin ƙofa. Wata Talata Noelene ta shigo gari, ta biyo ɗakin binciken ba sanarwa, ta ga zoben mahaifiyarta a kwance cikin makullai da tsofaffin kusoshi. Ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba. Ta jefa shi a jaka ta koma Yass.

Da Imogen ta fito ta leƙa kwanon, ba zobe. Ta duba shara, ta rarrafa ƙarƙashin kujeru. In ta ce zoben ya ɓata, Noelene ta samu hujja, auren kuma ya tashi. Sai ta yi wauta irin ta masu tsoro: ta yi shiru, ta riƙa kauce wa Fergus. Ranar Juma'a ya hango ta a wurin ajiye motoci, yatsa ba komai.

Saƙonsa ya shigo: "Immy, na ga hannunki. In Jamus ɗin ce, faɗa min kawai. Ba zan tare miki hanya ba."

Nan take ta rubuta: "Wace Jamus, sarkin dafa tebur? Tun watan jiya na ƙi aikin. Zoben ne ya ɓata, tsoro kamar ya kashe ni."

Fergus ya kira mahaifiyarsa don ya roƙa mata gafara. Noelene ta ce:

"Yana jakata. Cikin kusoshi na tsince shi, kamar murfin kwalba."

Imogen ba ta yi gardama ba, ta gayyaci Noelene ɗakin laser ranar Litinin. A bakin ƙofa ta miƙa mata kwanon.

"Naki ma, Noelene."

"Shekara talatin da huɗu ban cire shi ba."

"To, ba za ki shiga ba."

Sai da aka sa sabulu ya fita. A ciki Imogen ta sanya mata tabarau na kariya, ta tura baƙin kati gaban hasken. Hayaƙi ya tashi, katin ya huje.

"In hasken ya bugi zobe ya karkata, haka zai yi wa idon wanda ke kusa da ni," in ji Imogen. "Kullum sai na ji ba daɗi in na cire shi."

Noelene ta daɗe tana kallon hujin, tana murza farin tabon yatsarta.

"Ashe ba raini ba ne."

A watan Oktoba aka ɗaura aure a rumfar askin tumaki ta Yass. Bayan an ci an sha, Noelene ta jawo Imogen gefe, ta damƙa mata 'yar jaka da ta saƙa da ulun tumakinta, daidai girman zobe.

"Ki ci gaba da cire shi, amma ban da cikin makullan mutane. Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata."