Makirfon Seini

Ku masu tiƙar rawa da waƙoƙin Seini a gidan biki, da kun san abin da ke ciki, wallahi da kun yi amai. Maƙwabcina ne a unguwar Aboabo. Situdiyonsa soso ne manne a bango da wata tsohuwar kwamfuta, mawaƙa duk sun gudu manyan situdiyoyin Adum.

Sai ya ɗauki makirfonsa ya nufi wani boka a bayan Suame Magazine, unguwar makanikai, cikin mushen wata bas. Ɗoyi ya fi na kwata. Baƙar tukunya ce zaune a kujerar direba, jini ya daskare a bakinta, ƙudaje sun yi mata rumfa. Boka ya tsoma makirfon ciki, ya fesa masa tuƙar goro.

"Kowace waƙa, muryar ɗan gidanka za ta shiga amshi," in ji boka.

"Murya kawai, Baba?"

"Ka ji na ce wani abu?"

"In na ga ba zan iya ba fa?"

"Sai ka goge muryar kafin waƙar ta fita. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya goge ba."

Da matarsa Hadijatu ya fara. Baiti ɗaya ta rera, ya yanko shi ya jera yana maimaituwa, yadda masu sana'ar ke yi. Waƙa ta kama gari, kowace tasi ita ce. Ya sayi sabuwar mikisa ta haɗa sauti, manyan sifiku, gidan bene. Hadijatu kuwa bakinta ya maƙale a baitin nan, shi take ta nanatawa, yawu na dalala, har aka ɗaure ta.

Ƙanwarsa Lariba ta biyo. Ya bi muryarta ya tsince duk inda ta ja numfashi, wai don aiki ya fita tsaf. Ranar da waƙar ta fita, Lariba ta faɗi a tsakar gida tana kokawar numfashi. Da la'asar muka binne ta.

Ya gane sarai. Ya hana 'yarsa Rashidatu taka situdiyo. Amma wata rana ana cikin ɗauka, bututun sauraro na kunnensa, ta shigo kawo masa abinci tana dariya, makirfo ya kama. Ina wurin.

Na ce, "Seini, goge, don Allah!"

Ya mayar ya saurara, ya sake mayarwa. "Maƙwabci, ka ji yadda dariyar ta hau kiɗan kuwa? Zan dai ja ta ƙasa a hankali a ƙarshe, ba wanda zai lura."

Tir! Uba ke nan. Waƙa na fita, haka yarinyar ta yi ta raguwa, murya da jiki, har ta ƙare.

Duk inda ya juya, dariyarta ce ke tashi daga shagunan mutane. Ya soke kunnuwansa da ƙusa, ya cinna wa situdiyo wuta. Yanzu a bakin kwalbati yake kwana, ruwan miki na bin wuyansa.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka dubi waɗanda kuke cin tuwo tare, ka zaɓi wanda za ka fara wanke gawarsa. Da su boka zai sa ka biya.