Kwallin da Baffa Ilu Ya Zizara

Ku matso nan. Kai Mudan, kashe wayar nan kafin in fasa ta! An ce min jiya kai kaɗai ka hau Dutsen Gauɗe, wai ɗaukar hoton taurari. To ba tatsuniya zan yi ba, kada wanda ya ce min "ta zo mu ji ta". Labarin ubana ne, Baffanku Ilu, wanda kullum kuke gani a zaure fuskarsa na kallon sama.

Kun ɗauka makaho ne? Ba makaho ba ne.

Tun yana yaro taurari suka shiga ransa. Ya san Gamzaki, ya san Zara, ya san Kaza da 'Ya'yanta. In rediyo ta ce an harba kumbo, ranar ko tuwo ba ya ci. Da ya samu kyamara kuwa, shi ke nan, muka rasa uba. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

A daren da abin ya faru, na dawo gida goyon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Na ce, "Baba, yau dai ka kwana a gida." Ya ce sama ta yi garau, ba farin wata, ba hadari, yanzu zai dawo. Wallahi har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Ya hau dutsen. Ya kafa kyamara. Gyare ya yi tsit. Iska ta tsaya.

"Sannu da aiki."

Ba sallama. Wani dogo ne da farar riga, tsaye gaban kyamarar. Baba ya leƙa gilashin kyamarar: taurari kawai. Ya ɗago kai: ga mutum. In dogon ya yi magana, sai bakinsa ya rufe sannan muryar ta iso.

Mai hankali a'uziyya zai yi ya ruga. Baba fa? Cewa ya yi, "Malam, ɗan gusa, ka tare min Kaza."

"'Ya'yanta nawa kake gani?"

"'Yan kaɗan."

"Suna da yawa. Kana son ganinsu duka?"

"Ina so."

"Ƙasa fa?"

"Ni da zan ga sama, ina ruwana da ƙasa!"

Maganar fatar baki ce, irin wadda kowa ke yi. Su kuwa mutanen ɓoye ba su san wasa ba. Dogon ya miƙo masa tandun kwalli, sanyi ƙalau. Ko bismilla bai yi ba, ya zizara.

Ya ce ya ga abin da kyamara ba ta taɓa gani ba. Ya sauke kai zai yi godiya. Ba mutum, ba dutse, ba ko ƙafafunsa. Duk abin da ke ƙasa ya ɓace masa. Makiyaya ne suka tsince shi da safe, suka jawo shi gida da sanda.

Kafin su iso na haihu. Ranar suna na ɗora masa jaririn a cinya, na ce, "Baba, ga takwaranka." Da rana tsaka, idonsa a sama, ya yi murmushi ya ce, "Sakina, yau Kaza ta fito da 'ya'yanta duka."

Nawa ɗan yana hannunsa. Bai gan shi ba. Yaron nan har ya shiga makaranta, kakansa bai san kamanninsa ba.

Don haka Mudan, ka sake hawa dutsen nan kai kaɗai, ni da kai ne. In kuma kana ganin ƙarya nake, gobe ka je zaure ka tsaya a gabansa, ka ga ko zai gan ka.