Kujera Biyu a Gida Mai Taya

"Abang, ina Damia za ta zauna?"

Ina tsaye a tsakiyar motar da Fakhrul ya saya da safen nan na yi tambayar. Abang nake kiransa, yadda mace ke kiran mijinta ko wanda za ta aura a wurinmu. Bai juyo ba. Yana ta buɗe ɗan firijin yana rufewa kamar yau ya fara ganin firiji.

"Sayang, masoyiyata, kin ga gadon sama? Kin ga murhun? A bakin tekun Terengganu za ki dafa mana shinkafar nasi lemak..."

"Na ga komai. Ina 'yata za ta zauna?"

Damia tana jaririya mahaifinta ya rasu, yanzu shekararta biyar. Da Fakhrul ya zo neman aurena, ita ya fara saye da alewa da wasa, har ta koma kiransa Papa tun kafin a sa rana. Shi ya kawo maganar mota mai ɗaki. Tunda aikinmu duk a kwamfuta yake, me za mu yi da gidan haya a Shah Alam? Mu sayi gida mai taya, mu zaga ƙasa mu uku.

Mahaifiyata ba ta so ba ko kaɗan.

"Izzati, namijin da ke neman gida mai taya ba zama ya zo yi ba."

Na yi fushi da ita har na daina zuwa cin abinci wurinta. A kan Fakhrul na ɓata da uwata, kuma a lokacin gani nake ni ce mai wayo.

Dillalin, Encik Teoh, ya leƙo yana share gumi.

"Cik Izzati, gadon na mutum huɗu ne, amma kujera mai bel biyu ce kawai, ta direba da ta gefensa. Bencin bayan nan na cin abinci ne idan an tsaya, ba a ɗora yaro a kai mota na gudu. Sababbin shiga duk haka suke, gado suke ƙirgawa su manta da kujera."

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Ashe rashin sani ne.

"To mu canza ta, Abang, ai ba ta bar nan ba."

Encik Teoh ya sosa ƙeya.

"Ai na nuna musu waccan mai kujera huɗu, na yi musu bayanin nan kaf. Yayarsa ce ta ce wannan ta isa."

Kak Long, babbar yayar Fakhrul, tana tsaye a bakin ƙofa tana fifita da mayafinta. Tun ranar baiko take kirana "mai kaya" idan ta ɗauka ba na ji.

"Adik, ƙanwata, ke ma dai," ta ce da murmushin nan nata. "Ango da amarya, me za su yi da 'yar rakiya? Ta zauna wurin kakarta ta yi makaranta. Da Sallah sai ku leƙa ta."

Ban kula ta ba, shi na kalla.

"Abang, ka sani?"

Ya sake buɗe firijin.

"Fakhrul."

"Shekara ɗaya ce kawai, Sayang..." Muryarsa can ƙasa. "Ina son ki. So nake in same ki ke kaɗai, ko na ɗan lokaci. Laifi ne?"

"Yaushe ka yi niyyar gaya min? Ranar da muka ɗora kaya, tana tsaye da jakarta?"

"Na ɗauka idan kin ga motar za ki so ta..."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da gaske yana sona. Idonsa ya cika da hawaye. Ni ma ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Amma ya zauna da yayarsa sun auna rayuwata, sun yanke inda ya yi musu yawa, kuma 'yata ce wurin.

Na zare zoben baikon da ƙyar. Kak Long ce ta sa min shi a madadin mahaifiyarsu, don haka ita na miƙa wa.

"Ga shi, Kak. Kujerar ta zama taki."

"Izzati, don Allah..." in ji Fakhrul.

Na ɗaga kai zan kira Damia, sai na gan ta a gadon sama ta leƙo da kanta. Ashe tana can tun ɗazu, ta jera 'yan tsananta a kan filo, kuma ta ji komai.

Na sauko da ita, na sa mata takalmanta da ta cire a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, har muka kai wurin tsohuwar motata.

Ina ɗaura mata bel ta riƙe min hannu.

"Mama, ki gaya wa Papa zan zauna a ƙasa. Ba zan yi motsi ba."